Takardun da suka ratsa hannuna

Shekara shida ke nan ina aiki a wani shagon kwafin takardu a Gombe, ba nisa da Tashar Dukku. A miƙo takarda, in ɗora a na'ura, in karɓi kuɗi. Da farko ko kallon abin da ke rubuce ba na yi.

Lokacin tantance 'yan fansho ne ya sauya ni. Tsofaffin sojoji kan cika mana benci tun da sassafe, kowa da ambulan a cikin leda, wani ma leda biyu saboda ruwan sama. Ranar nan wani dattijo ya daɗe yana fama da ƙullin ledarsa, layi kuma ya kai bakin titi. Na ce, "Baba, a ɗan hanzarta mana." Ya ce, "Yi haƙuri ɗana, yatsun ne ba sa jin magana." Sai a lokacin na lura biyu daga cikinsu babu su. Kunya ta rufe ni, na sunkuyar da kai kan takardar sallamarsa, na ga ya shiga soja a 1967.

Da layi ya ragu na kawo masa ruwa, muka taɓa hira. Yaƙin basasa ya ɓarke ranar 6 ga Yuli 1967, shi kuma ya bar gonar mahaifinsa yana ɗan shekara 18, aka yi musu horo na 'yan makonni aka tura su Gabas. Na zaci zai ba ni labarin jarumta. Sunayen abokansa da ba su dawo ba ya yi ta lissafa mini, da garuruwansu: wannan ɗan Kaltungo, wannan ɗan Bajoga, wannan ɗan Dukku. Ya ce yaran da ya gani a can, yunwa ta kumbura musu ciki, har yau suna zo masa a mafarki. Wanda ya ga yaƙi da idonsa, in ji shi, ba ya son jin matasa suna kiran yaƙi a teburin mai shayi.

Tun daga ranar nake karanta abin da nake kwafa. Na ga takardun waɗanda suka je Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a 1990, da na Saliyo bayan nan. Waɗanda suka fi taɓa ni su ne na matan da ke zuwa da goyo, a hannunsu takardar shaidar rasuwar miji, shekarar kuma 2014 ko 2015.

Shekarun nan na san su. Ina sakandare aka kai hari Ashaka a Nuwamban 2014, bam ya tashi a Tashar Dukku a Disamba. Ranar Asabar 14 ga Fabrairu 2015 'yan Boko Haram suka shigo Gombe, muna kwance a ƙasan ɗaki muna jin harbi da rugugin jirgin yaƙi, Inna tana ta salati. Aka kore su, aka sa dokar hana fita, ranar 28 ga Maris kuma mutane suka fita zaɓe. Mun yi wa Allah godiya, amma ban taɓa tambayar su wane ne suka tsaya a bakin gari a ranar ba, ko nawa ne cikinsu suka koma wa iyalinsu. Ga shi yanzu 'ya'yan irinsu suna wasa da murfin biro a kan teburina.

Ba ni da ikon ƙara wa kowa fansho. Abin da ke hannuna shi nake yi: in taso in kwance ledar da kaina, in miƙar da takardar da ta tsufa a hankali kada ta yage, in duba lambar soja sau biyu, don lamba ɗaya in ta ɓata sai tsoho ya sake biyan kuɗin mota daga ƙauye. Maigidana ya amince duk 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ba ma karɓar kuɗinsu.

Bara Baba ya aiko jikansa da ambulan ɗin, ƙafa ta hana shi fitowa. Da na tashi aiki ni na kai masa kwafin har gida.