Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Abin da ban iya faɗa wa likita ba

A makon jiya na tsaya a inda aka cire mini firostet, wato ƙullin naman da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, aka zare robar fitsari, aka sallame ni. Gwajin PSA, wato gwajin jinin da ake bibiyar ciwon firostet da shi, ya sauka ƙasa, dangi suka yi ta zuwa barka. Ni kuwa akwai abin da ke cina wanda ba a faɗa wa mai zuwa barka: gabana ya kwanta, ko motsin asuba babu.

Ranar ganin likita layi ne har baranda. In ka shiga, likitan sa'an ɗanka ne, ga ɗalibai mata a tsaye da littattafansu. "Baba, yaya fitsari?" In ce Alhamdulillahi. Bai tambayi wancan ba, ni ma ban ɗauko ba. A ganina wanda ya riƙe wuƙar shi ya kamata ya fara buɗe zancen, domin dattijo ba zai iya ba.

Wani aminina ya kawo mini garin burantashi da wata kwalba ta masu motar lasifika. Hajiya ce ta ɓoye kwalbar. Ta ce, "Alhaji, da hawan jininka za ka sha abin da ba ka san haɗinsa ba?" Ashe ta ji a rediyo cewa ana zuba ƙwayar bature a ɓoye cikin irin waɗannan. Ita ce kuma ta matsa sai mun koma asibiti tare.

Wani likitan mafitsara muka tarar. Ya fitar da ɗalibai, ya zana mana a takarda: jijiyoyin da ke tayar da gaba manne suke da firostet ta gefe biyu, tiyata kan taɓa su, farfaɗowarsu kuwa tana iya kai shekara 2. Kafin ya rubuta sildenafil, wato sinadarin da ke cikin Viagra, sai da ya tabbatar ba na shan maganin ciwon ƙirji mai nitiret, irin wanda ake sawa ƙarƙashin harshe, domin haɗuwarsu kan zubar da bugun jini ƙasa warwas. Ya ce ƙwayar ba ta aiki sai da sauran jijiya da sha'awa, shi ya sa masu karɓar allurar Zoladex, wadda ke danne sinadarin maza, ba kasafai take yi musu ba.

In ta ƙi, akwai famfon da ke janyo jini, akwai allurar da mutum ke yi wa kansa a gefen gaba, akwai dashen abin tayarwa a cikin gaban ta hanyar tiyata. Ƙwayar dai kowane kyamis akwai ta, sai dai tsoron jabu. Famfon ne na zaga Kano ban samu ba, wani mai kantin magani ma dariya ya ƙunshe. Dole na nemi wanda zai sayo mini daga Legas, kuma babu wanda ya dace sai babban ɗana. Yadda na iya buɗe baki na faɗa masa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.