Godiya ga duk wanda ya jira ta gama maganarta

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, taronmu na matasa na ranar 21 ga Maris, wanda masu lalurar jinkirin fahimta da marasa ita suka jagoranta tare, ya zo ya wuce lafiya. Yaba kyauta tukuici, shi ya sa na ga ya dace in rubuta wannan tun abin yana da ɗumi.

Wata huɗu muka yi muna shiri. Mu goma sha biyu ne a kwamiti, shida suna da lalurar jinkirin fahimta, shida ba su da ita, kuma kowane muƙami mutum biyu ne ke riƙe da shi: shugaba biyu, sakatare biyu, ma'aji biyu. Mun aro tsarin ne daga Special Olympics, ƙungiyar da Eunice Kennedy Shriver ta kafa a Amurka a 1968, wadda ke haɗa masu lalura da marasa ita a tawaga ɗaya a filin wasa. Muka ce abin da ya yiwu a wajen ƙwallo, me zai hana shi yiwuwa a teburin shawara?

Ƙanwata ce ɗaya daga cikin shugabannin biyu, kuma da ita zan fara. An haife ta da lalurar Down, wato kuromosom na 21, ɗaya daga cikin ƙunshin ƙwayoyin gado da ke jikin mutum, guda uku gare ta maimakon biyu. Wannan ne dalilin da ya sa ake tunawa da masu lalurar ranar 21 ga wata na uku, kuma ita ce ta kawo shawarar mu yi taron a ranar. A zamanmu na farko, duk lokacin da ta fara magana ta ɗan tsaya neman kalma, sai in yi wuf in ƙarasa mata, kamar yadda na saba tun muna yara. A zama na uku ta ɗora hannunta kan takardata, ta dube ni, ta ce, "Yaya, ka bari in gama." Na yi shiru. Abin da ta faɗa bayan nan ba shi ne abin da na yi niyyar faɗa a madadinta ba, ko kusa. Na kwana ina tunanin sau nawa na yi mata haka cikin shekarun nan, ina ganin taimako nake yi. Ƙanwata, na gode da wannan gyara, kuma ki yafe mini.

Daga ranar muka sa doka: ba a katse kowa, ba a ƙarasa wa kowa zance. Ajandar zama kuma sai a rubuta ta da gajerun jimloli da hotuna, a tura kwana uku kafin a haɗu. Abin ya amfani har waɗanda ba su da lalura, don da yawanmu a da ba ma karanta ajandar ma.

Godiya ta musamman ga abokiyar shugabancin ƙanwata. Abu ne mai sauƙi ki riƙe ragamar ke kaɗai, ki bar ta a gefe don ɗaukar hoto, kuma da wuya wani ya zarge ki. Ba ki yi haka ba. Ranar da kuka saɓa kan ware ɗaki mara hayaniya ga waɗanda amo ke damu, ke kina ganin kuɗin ba zai isa ba, ita ta kafe, aka kaɗa ƙuri'a ta yi rinjaye, washegari ke kika fara zuwa gyara ɗakin. Ranar taro kuwa ɗakin bai zauna babu kowa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga mai kula mana da lokaci, wanda shi ma yana da lalurar, jinjina gare ka. Da babban baƙo ya wuce mintunansa, mu duka muna kallon juna, kai ka miƙe ka ɗaga jan kati har ya gani. Shi ma baƙon muna gode masa, don ya yi murmushi ya naɗe jawabinsa bai ɗauki abin raini ba.

Iyaye, na san ba da sauƙi kuka sako mana 'ya'yanku ba. Kun sha jin ana kiran su wawa ko dolo, kun sha bayanin cewa jinkirin fahimta daban, taɓin hankali daban, har kun gaji. Wani wurin taro ma da muka fara nema, da suka ji su wa za su jagoranta sai labari ya canza, kuma abin ya yi mana ciwo. Wata uwa a cikinku ce ta ce kada mu janye, ta tuna mana cewa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa ta ce a sashe na 12 suna da iko a gaban doka daidai da kowa. Ita ce kuma ta ba mu labarin Robert Martin, ɗan New Zealand da ya taso a gidajen killace masu lalura, aka zaɓe shi a 2016 cikin kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar, mutum na farko mai irin wannan lalura da ya hau kujerar. Mama, Allah ya saka da alheri.

Masu wurin da suka karɓe mu, malamai, masu fassara da yaren kurame, masu sauti, mun gode.

Sai ku da kuka cika zauren. Lokacin jawabin rufewa ƙanwata ta kai tsakiyar jimla sai maganar ta tsaya. Ina zaune a layin gaba ina ganin takardar tana rawa a hannunta. Babu wanda ya tafa don ya rufa mata, babu wanda ya yi raɗa, ni ma na dafe bakina. Ta ja numfashi, ta sa yatsa ta nemo layin, ta ƙarasa da kanta. A hanyarmu ta komawa gida ta ce in tabbatar na gode muku saboda kun jira ta. Ga saƙonta na isar. Allah ya bar zumunci.