Wasiƙa daga Nottingham: dattijon da ya ce min in tsinka fentina

Assalamu alaikum mutanen gida, ya kuke ya iyali, ya haƙuri da mu. Mu nan sanyi ya sako mu a gaba, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu kamar an idar da isha'i, to irin wannan lokacin in mutum bai samu abin da zai sa hannunsa a kai ba wallahi kaɗaici sai ya cinye shi. Abin da ni na samu shi nake so in ba ku labari, don akwai abin da ya tsaya min a rai game da shi.

Garin nan Nottingham shi ne cibiyar wasu 'yan ƙananan sojoji na roba da na ƙarfe da ake wasan yaƙi da su a kan tebur. Tsawon ɗaya bai kai ɗan yatsa ba, milimita 28 zuwa 32 ne galibi, kuma ba fenti suke zuwa, kai za ka yanko su daga jikin firam ka haɗa da gam ka zauna ka fente. Kamfanin Games Workshop mai wasan yaƙin da ake kira Warhammer a Landan ya fara a 1975 amma hedikwatarsa yanzu tana nan unguwar Lenton, ga kamfanoni irin su Warlord Games da Mantic da Perry Miniatures duk a yankin nan, har laƙabi ake wa yankin da sunan darma saboda da ita ake zuba sojojin a da. Na san wasunku tuni batun mutum-mutumi ya zo musu a rai, wannan magana ce ta malamai kuma ina girmama ta, ba ita na zo yi yau ba.

Wani abokin aikina ne ya ja ni wani ɗan kulob da ake haɗuwa daren Laraba a zauren unguwa, shayi da biskit da fitilun tebur, kowa ya duƙufa. Na kai wata biyu ina fenti a ɗaki ni kaɗai kafin in yi ƙarfin halin ɗauko guda biyar in kai. Kafin nan duk wanda na tura wa hoto a gida amsa ɗaya ce, masha Allah ya yi kyau, Allah ya ƙara basira. Na ji daɗi kam, addu'a ce ai, amma na biyar ɗin da na farkon duk ɗaya suke, hannuna bai matsa ko'ina ba.

Akwai wani dattijo a kulob ɗin, ya haura saba'in, tun zamanin darma yake wannan harka, ni Baba nake ce masa kuma da na faɗa masa ma'anar sai ya karɓa da murna. Ya ɗauki ɗaya daga cikin nawa, ta gindi ya riƙe bai taɓa fentin ba, ya kai ƙarƙashin fitila ya juya shi a hankali ya kai minti guda bai ce komai ba, ni kuwa gabana sai faɗuwa yake. Abin da ya fara fitowa bakinsa tambaya ce, wai nuna min kawai kake yi ko kana so in faɗa maka abin da na gani? Na ce Baba faɗa min. Ya sake tambaya, na wasa ne a tebur ko na gasa? Don akwai bambanci sosai, wanda za a jera guda arba'in a kalle su daga tsaye ba a auna shi da ma'aunin wanda za a kai Golden Demon, gasar da ake yi tun 1987 wadda gwanin gwanaye ke tafiya gida da takobi, can mutum sai ya yi wata da watanni a kan soja ɗaya.

Da na ce na tebur ne sai ya ce zaɓin kalata ya yi, jan da na sa kusa da ruwan ƙasa ya zauna, kuma ya nuna wurin da bakin burushi don in san ba faranta min kawai yake ba. Sannan ya ce abu ɗaya zan gyara, fentina ya yi kauri. Ya ce duba fuskar nan, wanda ya sassaƙa ta ya yi mata ido da kumatu da leɓe amma ka binne su duka. Na duba, wallahi kamar an shafa mata kunu. Bai tsaya nan ba, ya jawo 'yar robarsa mai jiƙaƙƙen tishu da takardar gasa burodi a sama wadda ke hana fenti bushewa, ya ɗiga fenti ya ɗiga ruwa ya gauraya, ya ja layi a bayan babban yatsansa ya ce in kana ganin zanen fatarka ta cikin fentin to ya yi, shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Ya miƙo min burushin ya ce yi in gani.

Daga baya ne na gane kurakuran da ke jikin sojan nan sun fi goma. Ban kankare layin da mazubi ke bari a gefen hannu da ƙafa ba, ban sa ruwan inuwa irin su Nuln Oil da ke gangarawa lungu-lungu ya fito da zane ba, idanun kuwa ɗaya na kallon gabas ɗaya yamma. Duk ya gani, ya zaɓi ɗaya ya yi shiru a kan sauran, sai da na dawo sati biyu da fenti tsinkakke sannan ya ɗauko maganar layin mazubi. Shi ne ma ya koya min cewa in abu ya ɓaci ba asara ba ce, a jiƙa shi cikin Dettol ya kwana a goge da tsohon burushin haƙori, fentin zai sauka a sake daga farko.

To ni fa da na fara jin hannuna ya faɗa sai na yi abin da har yau yake damuna. Wani yaro ɗan shekara sha huɗu ya zo da babansa, ya miƙo min nasa yana murmushi, ban tambaye shi komai ba na hau lissafi, nan ya yi kauri, nan ka fita layi, nan ba inuwa, har guda bakwai na ƙirga masa. Duk gaskiya na faɗa, amma yaron ya mayar da sojansa cikin akwati a hankali, sati uku ba mu gan shi ba. Baba bai min faɗa a gaban mutane ba, sai da muna naɗe tebura ya ce min yaron nan nuna maka ya zo yi. Maganar ta shige ni. Ranar da yaron ya dawo na je na ba shi haƙuri, na ce ya nuna min yadda ya yi shuɗin nan na sulken don da gaske ya fi nawa, daga nan muka shirya.

Rannan kuma sai ga shi ni aka zo tambaya. Wani a kulob yana fentin mayaƙan Ansar na Mahadin Sudan, masu jibba mai faci-faci, ya yi jibbar tsaf amma fatar ya sa baƙi ya haska da ruwan toka, mutanen suka fito kamar sun yi birgima a murhu. Shi ma ya san da matsala, ya ce min ko me na gani. Na ajiye hannuna kusa da sojan ƙarƙashin fitila na ce kalli nan, akwai toka? Fatarmu ja ne a ƙarƙashinta, ka fara da ruwan ƙasa mai ja-ja, inuwar ka ɗan sa shunayya, goshi da hanci da kumatu ka haska da ruwan ƙasa mai ɗumi, tafin hannu kuma ya fi baya haske. Na ce kuma kar ka yi su kala ɗaya, a gida ɗaya ma akwai baƙi akwai wankan tarwaɗa. Sauran da na gani na haɗiye. Da ya kawo su sati na gaba sai da na ji wani abu a ƙirjina, ɗaya daga ciki sak wani kawuna.

Abin da ya sa na rubuto shi ne ina tuna gida. Ina tuna yaran shagon tela da masu ɗinkin hula da 'yan mata masu koyon zanen lalle, yawanci abu biyu suke samu, ko a ce ya yi kyau don kunya a wuce, ko maigida ya daka tsawa ya ce wannan wane irin shirme ne ya warware ɗinkin ba tare da ya nuna inda allurar ta kauce ba. Muna da iyayen gida na kirki masu zama su nuna, na sani, a hannun irinsu gwanayenmu suka fito, amma kunyar nan tamu tana sa mu bar mutum da kuskurensa shekara da shekaru muna ce masa sannu da ƙoƙari.

Shekaranjiya ɗan ƙanwata ya turo min hoton motar gwangwani da ya ƙera, har da ƙofa mai buɗewa. Na rubuta masha Allah, na kusa turawa sai na tsaya na kira shi. Na ce ƙofar nan yaya ka yi ta, ya yi min bayani ya kai minti goma da zumuɗi, wai da waya ya yi mata hinji. Na ce kana so in faɗa maka abu ɗaya da na gani? Ya ce eh Kawu. Na ce tayar baya ta hagu ta fi sauran girma, shi ya sa motar ta karkata. Ya yi shiru, sai ya ce ai murfin kwalbar ne ba iri ɗaya ba, gobe zai nemo.

Ku gaida kowa da kowa, a sa mu a addu'a.

Ɗan uwanku a Nottingham