Golf: Me Ya Sa Bugun Filin Atisaye Ba Ya Bin Ka Cikin Fili?

Mutum ya sayi kwandon ƙwallo 60 ko 100, ya tsaya a filin atisaye, ya yi ta buga ƙarfe mai lamba 7 (ɗaya daga sandunan golf masu kan ƙarfe, kowace da lambarta) har ƙwallayen suka riƙa sauka kusan wuri guda. Washegari ya shiga fili, bugun farko ya faɗa cikin bishiyoyi, a na biyu sanda ta tona ƙasa, kafin ya kai rami na huɗu ransa ya gama ɓaci. Abin yana da ciwo, musamman ga wanda ya zuba kuɗinsa da lokacinsa. Wasu sukan ce tsoro ne, wasu kuma su koma su ninka yawan ƙwallayen. Ni a ganina matsalar tana cikin atisayen kansa: abin da ake koyo a can ba shi fili ke tambaya ba.

Mu fara da lissafi. Wanda ke gama ramuka 18 da bugu 90 yakan shafe kusan awa huɗu. Daga cikin bugun nan, wajen 34 a kan girin, wato lallausan wurin da ke kewaye da rami, ake yin su da fota, sandar tura ƙwallo cikin rami, wajen 14 da direba, sandar bugun nesa, ko wata doguwar sanda daga wurin farawa, sauran kuma sun rarrabu tsakanin ƙarafa, weji (sandar ɗaga ƙwallo sama a gajeren nisa) da gajerun bugu na kusa da girin. Da wuya ya yi cikakken bugu biyu a jere da sanda ɗaya, sai dai in na farkon ya ɓace masa. Tsakanin cikakken bugu da wanda ke biye kuwa ana iya yin minti biyar, har goma in ana jiran waɗanda ke gaba.

A filin atisaye fa? Daƙiƙa 20 tsakani, sanda ɗaya, tsayuwa ɗaya, ko ƙafa ba a ɗagawa, sai dai a jawo wani ƙwallon da kan sanda. Ƙwallon farko ya karkata dama, hannu ya gyara da kansa, na biyu ya ɗan yi dama-dama, na biyar ya tafi ɗoɗar. Wannan kyakkyawan bugu na biyar an gina shi ne a kan huɗun da suka gabace shi. A cikin fili babu wanda zai ba ka waɗannan huɗun. Kowane bugu a fili bugun farko ne, kuma bugun farkon ne kaɗai ba ka yi atisayensa ba.

Masu nazarin yadda jiki ke koyon motsi sun daɗe da gano haka. A 1979 John Shea da Robyn Morgan sun koya wa mutane motsin hannu iri uku. Wasu suka yi ta maimaita iri ɗaya har suka gama kafin su koma na gaba, wasu kuma aka cakuɗa musu. A lokacin koyon, masu maimaitawa ne suka fi ƙwarewa. Da aka sake gwada su daga baya, har bayan kwana goma, sai waɗanda aka cakuɗa wa suka yi musu fintinkau. Ba golf aka gwada ba, amma abin ya zauna daram a kan golf. Atisayen da ya fi daɗi yau ba shi ne ya fi zama a jiki ba, domin idan aka canza maka sanda da nisa kowane lokaci, dole ƙwaƙwalwa ta sake shirya bugun daga tushe, wanda kuwa shi ne ainihin aikin da take yi a fili.

Sai tabarmar roba da ake bugu a kanta a filin atisaye, wadda na ɗauka ita ce ta fi yaudarar mutane. Da ƙarfe, ana so sanda ta fara samun ƙwallo, sannan ta taɓa ƙasa a gabansa. Idan ta sauka inci ɗaya ko biyu a bayan ƙwallon a kan ciyawa, za ta nutse, ƙarfin ya ƙare a ƙasa, ƙwallon ya tafi rabin nisansa. A kan tabarma kuwa sandar zamewa take yi ta iske ƙwallon, ya tashi kamar ba abin da ya faru. Mutum zai iya shekara yana wannan kuskure bai sani ba. Gwajin ba wuya: shimfiɗa ƙaramin tawul mara kauri kimanin inci huɗu a bayan ƙwallon. Idan sanda ta taɓa tawul, to a fili ƙasa ka tona. Inda akwai ciyawa ko ƙasa, ja layi, ka ɗora ƙwallon a kai, bayan bugu ka duba inda sanda ta fara ɓallar ƙasa: a kan layin ko gabansa ya kamata, ba baya ba. Don sanin inda ƙwallon ke samun fuskar sanda, fesa mata hodar ƙafa ko ka shafa alli. Da direba wannan yana da muhimmanci ƙwarai: ga mai bugu da dama, ƙwallon da ya samu ƙarshen fuskar yakan lanƙwasa hagu, wanda ya samu gindinta, kusa da mariƙi, yakan lanƙwasa dama, ko da kuwa kaɗa sandar ba ta da laifi.

Saiti ma haka. Gefen tabarma a miƙe yake, yana saita ka ba ka sani ba, ga filin atisaye mai faɗin da duk inda ƙwallo ya sauka sai ka ga kamar ya yi. Hanyar tsakiya, wato shararren wurin da ke tsakanin wurin farawa da girin, a yawancin ramuka kuwa ba ta wuce yadi 30 zuwa 40 ba. Dokar wasa ba ta yarda ka ajiye sanda a ƙasa don ta saita ka yayin bugu ba, kuma tun 2019 an hana kadi, wato mai ɗaukar maka sanduna, tsayawa a bayanka da gangan da zarar ka fara shiga tsayuwa. Don haka ka koyi saita kanka: tsaya bayan ƙwallon, zaɓi abin da kake nufa, nemo wani ganye ko tabo kamar taku ɗaya a gaban ƙwallon a kan wannan layi, daidaita fuskar sanda da shi, sannan ka kafa ƙafafu. Shahararren ɗan golf Jack Nicklaus da haka ya yi wasansa. Fuska ake fara saitawa domin ita ce ke da kaso mafi girma wajen yanke inda ƙwallon zai fara nufa. A filin atisaye ka riƙa zaɓar abin nufi da ke karkace da tabarmar, wani lokaci hagu, wani lokaci dama.

Ga kuma gangara, wadda filin atisaye ba ya da ita sam. Ga mai bugu da dama: ƙwallon da ya fi ƙafafunka tudu zai tafi hagu, sai ka sauko da riƙo ƙasa kaɗan, ka saita dama. Wanda ya fi ƙafafunka kwari zai tafi dama, sai ka ƙara lanƙwasa gwiwa, kada ka miƙe kafin sanda ta wuce. Idan kana fuskantar hawa, ƙwallon zai yi sama ya gaza kaiwa, sai ka ɗauki sanda ta gaba, wadda ta fi kai ƙwallo nesa. Idan gangarawa kake, zai fita ƙasa-ƙasa ya yi gudu, matsar da shi baya kaɗan a tsayuwarka, kafaɗu su bi gangarar. Wanda bai taɓa gwada waɗannan huɗun ba sai ranar gasa, ba tsoro ne ya kayar da shi ba.

Nisan sanduna ma a fili ake auna shi. Ƙwallayen haya an yi su ne don su jure duka, da yawa sun side, wasu ma an ƙera su ne don kada su yi nisa. Nemi lokacin da fili ba cunkoso, buga ƙwallayenka goma da sanda ɗaya, cire mafi tsawo da mafi gajarta, ka riƙe na tsakiya. Kuma ka san inda ƙwallon ke sauka, ba inda ya tsaya kaɗai ba. A Kano ko Kaduna lokacin hunturu ƙasa takan yi tauri, ƙwallo ya yi ta gudu bayan ya sauka, da damina kuwa nan take ya lafe. A Jos, da ke kan tudun da ya haura mita 1,200, iska ba ta da nauyi, ƙwallo yakan fi nisa a sama fiye da a Legas. Wanda ya haddace lamba ɗaya tak ga kowace sanda, rafin da ke gaban girin zai ci ƙwallayensa.

To yaya za a raba kwandon 60? Goma na farko na ɗumama jiki ne, daga weji zuwa sama, ba a ba su maki. Ashirin na gyara ne: abu ɗaya kawai, wanda malaminka ya nuna maka, a hankali, da sandar saiti a ƙasa da tawul, kuma a nan maimaitawa daidai ce. Sabon shiga ma, da wanda ke canza riƙo, wannan kaso ya kamata ya fi yawa a wurinsu. Talatin na ƙarshe kuwa wasa ne. Kawar da duk kayan taimako. Ɗauko ramukan filin da ka saba a zuciyarka: rami na ɗaya, direba, tsakanin wancan allo da waccan bishiya, faɗin yadi 35. Ya shiga? Ɗauki ƙarfe 8 ka nufi tuta. Ya fita dama? To bugu na gaba ka yi shi ƙasa-ƙasa da ƙarfe 5, kamar kana fitowa daga ƙarƙashin reshe. Kowane ƙwallo ka koma baya, ka yi duk abin da kake yi a fili, ka bar aƙalla minti ɗaya tsakani. Bugun da ya lalace ba a sake shi. Wannan doka ita ce ta fi wuya, kuma ita ce ta fi amfani.

Rubuta makin: cikin bugu goma na direba nawa suka shiga, cikin goma na ƙarfe nawa suka sauka cikin yadi 15 na tuta. A karon farko lambar za ta ba ka haushi. Gaskiyar wasanka ke nan, kuma ita za ka riƙa ƙoƙarin dokewa mako-mako. Idan kuna biyu, ku yi gasa, wanda ya faɗi ya kwashe ƙwallaye ko ya wanke sanduna. Ba komai ba ne, amma ya isa ya sa zuciya ta ɗan buga.

Zuciyar nan tana da aikin da take yi wa jiki. Idan ta buga, riƙo yakan ƙara tsauri, ɗaga sanda baya ya gajarce, saukowa ta yi gaggawa. Sai mutum ya fara lissafa gaɓoɓinsa: gwiwar hannu, ƙugu, kai. Binciken Sian Beilock a kan masu tura ƙwallo cikin rami ya nuna cewa ƙwararre yakan lalace idan ya koma bin motsinsa daki-daki, Gabriele Wulf kuma ta nuna cewa mai da hankali a kan abin da ke wajen jiki, kamar kan sanda ko inda ake so ƙwallo ya bi, ya fi mai da shi a kan hannaye. Saboda haka tunanin gyara ya tsaya a bayan ƙwallo, lokacin kaɗa sandar gwaji. Da ka taka zuwa ƙwallon, tunani ɗaya ya rage. Ja numfashi, sauke shi a hankali, kalli abin nufi, ka buga cikin 'yan daƙiƙoƙi. Daɗewa a kan ƙwallo ba ya ƙara komai sai tauri.

A kusa da girin, daina zube ƙwallaye ashirin wuri guda kana gyara wa kowanne zama. Ɗauki ƙwallo ɗaya da weji da fota. Jefa shi, ka buga shi yadda ya faɗi, ka bi shi har ya shiga rami. Wurare tara: uku masu sauƙi, uku matsakaita, uku masu wuya, har da ramin yashi da ƙasa tsirara. Bugu biyu a kowane wuri, jimilla 18, shi ne cikakken maki. Wanda ke samun 22 ko 23 yana kan hanya. Da fota kuma, ka tuna ƙwararrun gasar PGA ta Amurka ma kusan rabi kawai suke jefawa daga ƙafa 8. Ribarka tana cikin ƙafa 3 zuwa 5, da kuma iya auna ƙarfi daga ƙafa 30 don kada ka yi bugu uku. Inda ake wasa a kan rairayin da aka gauraya da mai maimakon ciyawa, kamar yadda aka daɗe ana yi a wasu kulob na arewa, a kan rairayin za ka auna wannan ƙarfin.

Me ya kamata ka fi ba lokaci? Katin maki ne zai faɗa. A zagaye biyar masu zuwa, rubuta bugun hukunci nawa aka ƙara maka, sau nawa ka yi bugu uku a girin, sau nawa gajeren bugu ya kasa hawa girin, da kuma ɓangaren da kake kuskure: gaba, baya, hagu ko dama. Mark Broadie na Jami'ar Columbia, a littafinsa na 2014, ya nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na bambancin maki tsakanin 'yan wasa daga bugun da ya wuce yadi 100 yake fitowa. Ƙwallo biyu da suka ɓace daga wurin farawa bugu huɗu ne, alhali sanda mai lamba 5 da ta sauka a hanya ba ta ci maka ko ɗaya ba.

Ɗumama jiki kafin wasa ba lokacin gyara ba ne. Buga 20 zuwa 25, ka ga inda ƙwallon ke lanƙwasa yau, ka saita da shi haka. Idan ka samu yamma da fili ya yi sauƙi kuma kulob ya yarda, zaga ramuka tara kai kaɗai da ƙwallo biyu, ka riƙa ci gaba daga wanda ya fi muni. Amma ka kula: a gasar ƙidayar bugu, doka ta hana atisaye a kan filin gasar a ranar kafin ka fara, sai in kwamitin gasa ya ba da izini.