Yajin aiki a kan takardar albashi ake cin sa

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ma'aikacin Gusau ya koma ware kuɗin mashin kafin na cefane. Dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000 ta zo a Yulin 2024, lokacin da Zamfara ba ta daɗe da fara biyan 30,000 na dokar 2019 ba. Fushi kam akwai shi. Tsari ne ke ƙaranci a rassan ƙwadago.

Aikin fari shi ne tara takardun albashi. Kowane reshe, na NULGE ne (ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi) ko NUT (ta malaman makaranta) ko na ma'aikatan lafiya, ya karɓi takardar wata uku daga aƙalla mutum biyu a kowane matakin albashi, daga dukkan ƙananan hukumomi 14. A rubuta ainihin albashi, alawus, abin da aka zaftare, da abin da ya faɗo asusu. Dalili kuwa, 70,000 na ɗan mataki na 1 ne kawai. Rigimar gaske tana wajen daidaita na sama da shi. A 2019 gwamnatin tarayya ta amince da ƙarin kashi 23.2 ga mataki na 7, aka yi ta raguwa har kashi 14 ga matakai na 15 zuwa 17. Wanda ya je teburin sulhu ba da nasa jadawalin albashin ba, jadawalin ofishin babban akanta zai sa wa hannu, ya fito yana murna, ƙarshen wata malamin da ke mataki na 8 ya ga ƙarin da bai kai kuɗin tiyar shinkafa biyu ba.

Sai doka. Gyaran dokar ƙungiyoyin ƙwadago na 2005 ya wajabta ƙuri'ar mambobi kafin yajin aiki, mafi rinjaye su amince. Masu aikin ruwa, wuta da asibiti kuwa, wannan gyaran ya hana su yajin aiki; dokar rikicin ma'aikata kuma ta ce kada su bar aiki sai sun ba da sanarwar kwana 15. A ajiye rajistar zaman da sa hannun kowa, don kotun ma'aikata takarda take dubawa. Sashe na 43 na dokar rikicin ma'aikata kuma ya ba gwamnati damar riƙe albashin kwanakin yajin. Saboda haka ba a shiga yaji ranar 25 ga wata, mai shago na jiran biyan bashi. A bari albashi ya shigo. A kuma fara asusun ko-ta-kwana tun wata shida kafin nan, ko da naira 500 ce duk wata, a hannun mutum uku masu sa hannu.

Kulle sakatariya kaɗai ba ya girgiza kowa, in dai kasuwa na ci. Yajin Janairun 2012 ya sauko da lita daga naira 141 zuwa 97 ne saboda 'yan kasuwa da direbobi sun shiga. Ga shi dokar albashin ba ta shafi mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, wato yaran shago da teloli ba su ciki. In ana son su, sai buƙatunsu su shiga takardar: harajin kasuwa barkatai, kuɗin magani, tsadar taki. Jam'iyyar NEPU tun 1950 haka ta yi, ta bi mahauta da maɗinka da malaman zaure, ba ta tsaya ga masu albashi ba. Inda hanya ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, irin yankin Anka ko Maru, a haɗa zama da ranar kasuwa, sauran bayani ya tafi ta saƙon murya a WhatsApp.

Ranar sulhu aka fi yin asara. "Za a kafa kwamiti" ba yarjejeniya ba ce. Takardar ta faɗi watan fara biya, yadda za a biya bashin baya, ta ambaci malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomi da 'yan fansho ƙarara, don su ake mantawa. In an ce sai an yi tantancewa, a sa mata wa'adi, wakilin ƙungiya ya zauna ciki. A rubuta cewa ba wanda za a sauya wa wurin aiki saboda yajin. Kuma a ce an dakatar da yajin, kada a ce an janye, har sai alat na watan farko ya shigo an gwada shi da jadawalin.