Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Haifa ko Haifo

A makon jiya na tsaya a inda aka ɗauke ni daga ɗakin yara aka mai da ni ɗakin jinyar mata, wata biyar da kama aikina. Kafin in kai ku daren da nake son ba ku labari, bari in tona wa kaina asiri kan wani hali da har yau 'ya'yana ke yi min tsiya a kansa.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, malamin Turanci ne a sakandare. A gidanmu Hausa kowa ya yi yadda ya ga dama, amma in Turanci za ka yi, ko dai ka yi shi daidai ko ka kama bakinka. Yana da wani ƙamus da bangonsa ya ɓare, kullum yana kan rediyo, ana cin tuwo ma sai ya sa a ɗauko. Da wannan kunnen na shiga makarantar koyon aikin jinya. Ba a gama watanni shidan farko ba, waɗanda ake tankaɗe da rairaya a ƙarshensu, 'yan ajinmu suka laƙaba min 'Yar BBC.

Ba zan ce sun zalunce ni ba. In na ji ma'aikaciya ta ce "finimoniya" sai in ji kamar an ja farce a jikin kwano, don harafin farkon nan rubuta shi kawai ake yi, ba a furta shi, nimoniya ce. Akwai kuma wadda ta fi ci min rai: 'yar gaɓar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, wadda kan kumbura wa tsofaffi ta hana su fitsari. Sunanta furostet, amma rabin asibiti furostiret suke cewa, alhali wannan kalmar ma'anarta kwanciya rub da ciki. Littafin rahoto kuwa ba a magana. Mace ce a kwance amma an rubuta mata "he" na Turanci, wanda na namiji ne, abin da ya faru jiya an rubuta shi kamar gobe zai faru. Da jan biro nake yawo a aljihu, ina bi ina gyarawa, ba wanda ya sa ni.

Hausar ma ba ta tsira ba. Muna da wata 'yar kudu, mace mai kirki da iya sa kanula, 'yar robar nan ta ƙarin ruwa, ko a jijiyar jariri, amma "ka" da "ki" sun gagare ta. Ta taɓa ce wa wani dattijo, "Baba, ki kwanta in yi miki allura." Ya shafa gemunsa ya ce, "'Yata, wannan fa ba na aro ba ne."

To, ranar nan ina aikin dare, lokacin hunturu. Wadda zan karɓa a hannunta ta girme ni a aiki da wajen shekara takwas, kuma sauri take kada ta rasa adaidaita. Tana tafe tana miƙa min marasa lafiya gado bayan gado, jakarta a kafaɗa. Da muka zo gado na shida ta ce, "Hajiya ɗazu tana haifa, amma na duba ta, ki dai sa ido."

Na dubi Hajiya, tsohuwa ce da ta ba saba'in baya. Na ce, "Anti, a wannan shekarun? Mace ko namiji aka samu?"

Ta harare ni ta ce, "'Yar BBC, ba ni da lokacinki." Ta wuce.

Ga inda gizo ke saƙar. A Turancin asibiti akwai kalmomi biyu da muke gajartawa: haipa, wato abu ya yi sama, da haipo, abu ya yi ƙasa. Mu kuwa Hausawa ba mu raba "p" da "f" ba, shi ya sa muke cewa farasitamol, Basakkwaciya ma ta ce hwarasitamol. Sai kalmomin suka koma haifa da haifo, wasali ɗaya tal ke tsakaninsu, ga shi an faɗe shi a guje. Hajiya an kwantar da ita ne da gyambon ƙafa da ciwon suga da ya hau sosai, likita ya rubuta mata allurar insulin ta dare, wadda ke sauke suga. Don haka kunnena ya ji haifa, zuciyata ta ce suga ya sake hawa, na ci gaba da murmushin barkwancina. Lamba nawa aka samu? Ƙarfe nawa? Me aka ba ta? Ko ɗaya ban tambaya ba.

Wajen goma na zuƙi insulin a sirinji na nufi gadon. Wuta ta ɗauke, ba a ta da janareta ba tukuna, da fitilar waya nake haskawa. 'Yar Hajiya tana zaune a tabarma tana tofa mata addu'a. Ta ce, "Sista, tun bayan isha'i take sambatu, tana kiran mutanen da suka rasu. Anya ba iska ba ce?"

Na kama hannun Hajiya in nemi wurin allura, sai na ji shi sanyi ƙalau, jiƙe sharkaf da gumi. A wannan sanyin da kowa ke ƙudundune cikin bargo! Yatsunta na rawa, bugun jijiyarta na gudu. Gabana ya faɗi. Na ajiye sirinjin can nesa a kan tire kamar maciji, na ruga na ɗauko na'urar gwajin suga, na soki yatsarta.

2.4.

Duk abin da ya gaza 3.9 an shiga haipo. Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun ajiya, da sugan da ke yawo a jini take rayuwa, shi ya sa sambatu ke fara zuwa, sai suma. Da na danna mata allurar da ke hannuna, da wuya ta ga asuba.

Na tura ɗalibar da ke tare da ni ta taso likita, na haɗa ruwan suga mai ƙarfi, na kashi 50, muka sirka muka tura a hankali ta kanula. Ba a yi minti biyar ba Hajiya ta buɗe ido, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Wa ya ɗauke min goro?" 'Yarta ta fashe da kuka, ni kuwa ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zauna a bakin gadon.

Da likita ya matsa da tambaya, sai ga ƙulli ya fito daga jakar 'yar. Ƙwayoyin sugan da Hajiya ke sha a gida ne, gilibenkilamaid, tana ci gaba da ba ta a ɓoye a kan allurarmu, wai don sauƙi ya zo da wuri. Ga tsohuwa ba ta cin abincin kirki. Maganin nan ya shahara da kayar da sugan tsofaffi, kuma yana daɗewa a jiki, ko an ɗaga sai ya sake faɗuwa. Abin da ya faru ke nan: Anti ta gano da yamma, ta ba ta shayi da sukari, ta farfaɗo. Ta ma rubuta a littafi. Na buɗe daga baya na gani, da Turancinta mai karyayyar ƙafa, amma lambar tana nan ɓaro-ɓaro, 3.1. Shafin da na saba bi da jan biro, ranar ban ko buɗe shi ba.

Da safe Metiron, shugabar ma'aikatan jinya, ta tara mu. Ta saurari kowa, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Daga yau kada in ƙara jin haifa ko haifo a ɗakin nan. Ku ce suga ya hau, ko suga ya sauka, ku faɗi lamba, mai karɓa ta maimaita." Sannan ta miƙo min hannu. Na tsaya ina kallonta. Ta ce, "Biron." Na ciro na ba ta, ta jefa a aljihun teburinta ta rufe.

Anti ba ta ce min uffan ba sai da muka fito bakin ƙofa. Ta gyara mayafinta ta ce, "Mace aka samu. Uwa da jaririya suna lafiya."

Har gobe in na ji "furostiret" sai hakorana sun yi tsami, wannan kam sai dai kabari. Wata biyu bayan haka takardar canjin wuri ta fito, aka tura ni ɗakin haihuwa, inda in aka ce mace tana haifa to safar hannu za ki nema. Labarin haihuwar farko da na karɓa ni kaɗai, da abin da surukar matar ta yi min, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.