Wai Delu ba sunan 'yar Turai ba ne

Har yau ban huce ba. Yarinyar nan ta yi wayo, tana tafiya, tana kiran yayyenta da sunayensu, amma duk lokacin da na tuna dariyar da aka yi mini a waya washegarin suna sai in ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Kuma ba Bature ne ya yi mini ba. 'Yan uwana ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Aikin jinya ne ya kawo ni Galway, a yammacin Ireland, ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Maigida da yaranmu biyu, duka maza, daga baya suka biyo ni. A nan Allah ya ba mu ta uku, mace. Maigida ya yi mata huɗuba da sunan mahaifiyarsa, Halimatu, ba wanda ya ja da wannan, ni ma na yi murna. To amma ko teku nawa ce tsakanina da surukata, bakina ba zai iya kiran sunanta gatsau ba, dole a samo wanda za a riƙa kira. Ni kuwa tun ranar da aka yi mini hoton ciki aka ce mace ce, na riga na gama magana a raina: Delu. Mace bayan maza biyu, ai sunan ya kawo kansa. Ga shi kuma sunan kakata ce ta wajen uwa, wadda ta ɗauke ni tun yaye a Funtuwa, ban bar ɗakinta ba sai ranar da aka kai ni gidan miji. Ta rasu ina nan ƙasar, ban samu jana'izarta ba, ban samu sadakar bakwai ba, sai a waya aka yi mini ta'aziyya ina tsaye a bakin aiki.

Da na faɗa wa 'yan gidanmu, Yaya ce ta fara. "Haba ke kuwa! Yarinya an haife ta a Turai ki ce Delu? Delu mai fura?" Sai aka kwashe da dariya, har da yaran da na goya. Kafin magariba 'yar Yaya ta turo mini jerin sunaye a WhatsApp: Afnan, Hanan, Amira, Ilham, Nihal, wai in zaɓa. Ƙanwata ta ce kada in jawo wa yarinya tsokana a makaranta. Wata ma ta ce, duk boko da zaman Turai bai fitar mini da ƙauyanci ba. Wannan ita ce ta fi yi mini ciwo, don ina kwance ne da ɗanyen jiki, ba uwa kusa, ba mai dafa mini ruwan wanka, ba kunun kanwa, ba ƙauri, ni da jaririya da ruwan sama da yake dukan taga dare da rana.

Sun ce za a tsokane ta a makarantar Turawa. Da ma sun ga abin da idona yake gani a garin nan.

A wurin aikinmu, in ka bi ƙofofin ɗakunan tsofaffin nan kana karanta sunaye, Mary ce, Mary, Margaret, Bridget, Kathleen, sai wata Mary. Mazan kuma John, Patrick, Michael, James. Mary sun yi yawa har sai mun haɗa da sunan gidansu kafin a san wadda ake nufi da magani. Sunayen addininsu ne na Katolika, kuma a da suna da tsari irin namu: ɗan fari namiji a sa masa sunan kakansa na wajen uba, 'yar fari sunan kakarta ta wajen uwa, suna ɗaya ya yi ta zagaya zuri'a. Amma abokan aikina, waɗanda suke sa'o'ina ko ƙannena, su ne Aoife, Niamh, Siobhán, Caoimhe. Farkon zuwana sai da na rubuta su da bakin Hausa a wata 'yar takarda ina yawo da ita a aljihu: Ifa, Niv, Shivon, Kwiva, don rubutun daban, faɗar daban. 'Ya'yan da suke haifa yanzu kuwa, su ne Fiadh, Éabha, Oisín, Rían, Tadhg. Ko Baturen Ingila in ya ga an rubuta Tadhg sai ya tsaya ya tambaya yadda ake faɗa. Ko a jikinsu. Su gyara maka, ka sake kuskurewa, su sake gyara maka, ba za su taɓa cewa ka kira shi da wani mai sauƙi ba.

Kowace shekara hukumar ƙididdiga ta ƙasar, CSO, tana fitar da jerin sunayen da aka fi sa wa jarirai, kuma ranar da ya fito shi ne hirar lokacin shan shayi, shi ne a rediyo. A 1964, shekarar da lissafinsu ya faro, John da Mary ne a sama. Yanzu Mary ta gangara can ƙasa. Ba zan ce sunayen gargajiya sun cinye komai ba: Jack ya riƙe kambun maza daga 2007 har 2024, in ban da 2016 da James ya karɓe, Emily kuma ta yi shekara tara a jere a saman na mata daga 2011 zuwa 2019. Amma a 2021 Fiadh ce ta zo ta ɗaya, sunan da tsofaffin da nake jinya suke ce mini ba su taɓa sanin mai shi ba a ƙuruciyarsu. A 2023, shekarar da na haihu, Rían da Oisín suna cikin biyar na farko na maza, Fiadh ce ta biyu a mata. Har ɗan jan layin nan da suke ɗorawa a kan wasali ba sa yarda a yar da shi. Tun daga 2018 hukumar take ƙirga Seán daban, Sean daban.

Wata tsohuwa da nake kula da ita, mutuniyar Connemara inda har yau ake yarensu na gado a gida da kasuwa, ita ta fara buɗe mini ido. Sunanta Bridget, ta ce tana budurwa kunyar sunan take ji. Bayan babbar yunwar da ta faro a 1845, wadda ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya ta kori wasu miliyan ɗaya, 'yan matansu sun cika gidajen masu kuɗin Amurka suna aikatau, har sunan Bridget ya zama abin da ake kiran duk wata 'yar aiki da shi. Da yawa suka sauya suna. Sunayen gidajensu ma mulkin Ingila ya lanƙwasa su: Ó Murchú ya koma Murphy, Ó Ceallaigh ya koma Kelly. Sai da suka tashi tsaye, aka kafa ƙungiyar farfaɗo da harshe a 1893 ƙarƙashin Douglas Hyde, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa na farko, aka yi ta fama har bayan samun 'yanci a 1922. Yau iyaye na rububin kai yara makarantun da ake koyarwa da yaren zalla, kuma tun 2023 ranar waliyyiyarsu Brigid, a farkon Fabrairu, ta zama hutun ƙasa. Tsohuwar nan ta ce jikarta ta haihu ta sa wa yarinyar Bríd, wato sunanta ne aka mayar da shi yadda yake a asali. Tana ba ni labari tana share hawaye.

Su an raba su da sunayensu da ƙarfin mulki da yunwa, suna bi suna tono su. Mu wa ya tilasta mana? Ina Tanko, ina Kande, ina Gambo, ina Ɗanladi da Asabe da Talatu? A gidanmu kaf, cikin jikokin Inna, babu ɗaya da ake kira da irin waɗannan. Ba sunan yanka nake magana ba, wannan na Musulunci ne kuma ina alfahari da shi. Na kira nake nufi, wanda da ka ji shi ka san ranar da aka haifi mutum, ko wa yake bi, ko a wane hali ya zo duniya. Mun mayar da su sunan 'yan talla da 'yan aiki a wasan kwaikwayo, daidai abin da aka yi wa Bridget, sai dai mu da hannunmu muka yi. Rabin masu sa Afnan da Nihal, ka tambaye su ma'ana, shiru za ka ji, a Instagram aka gani ya yi daɗin faɗa.

Akwai abin da ya faranta mini rai, ba zan ɓoye ba. Da lissafin 2022 ya fito, Muhammad ne sunan da aka fi sa wa jarirai maza a cikin birnin Galway. Babban ɗana sunansa ke nan, ya dawo daga makaranta yana ɗaga kafaɗa. Ranar na ji ni ma ina da wurin tsayawa a garin nan. Da dare kuma na buɗe Facebook na ga abin da wasu suke rubutawa a kai, cewa an cika musu ƙasa, sai na kashe wayar na kasa barci. Haka zaman yake, safiya ka ji kai ɗan gari ne, dare ya tuna maka kai baƙo ne.

Ranar sunan kanta ba zan so ko maƙiyina ya yi irinta ba. A nan tun jaririya ba ta bushe ba ungozoma take tambayar suna, don su tun ciki suke zaɓa, wasu har sun buga shi a jikin bargo. Na ce sai ranar bakwai za a faɗa, suka dube ni da mamaki, amma suka ƙyale ni. Rago kuwa ba dama ka yanka a bayan gida, sai kuɗi muka tura Funtuwa aka saya aka yanka a can. Aka raba goro da alawa a ƙofar gidan su maigida, liman ya yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da suna, duk a waya nake kallo, hoton yana yankewa yana dawowa. Da yamma mata suka cika gida, an yi anko, an yi tuwo da waina, ana ta shewa. Taron sunan 'yata ne, babu ni babu ita. A nan mutum huɗu suka zo: wasu iyali 'yan Sudan da muke haɗuwa a masallaci, da wata 'yar Ghana abokiyar aikina mai jin Hausar zango, da maƙwabciyata Baturiya da ta kawo burodin da ta gasa da kanta. Maigida ne ya yi wa yarinya aski da hannunsa, hannun na rawa.

Sai washegari a yi mini dariya.

Ma'aikaciyar lafiyar da hukuma ke turowa gida duba mai jego da jariri, da ta ga Halimatu a takarda ta ji kuma ina cewa Delu, ta tambaye ni dalili. Na yi mata bayanin kunyar suruka da na mace bayan maza. Ta maimaita sunan daidai, ta rubuta shi a gefen takardarta, duk zuwan da ta sake yi da shi take kiran yarinyar. Yanzu a gidan renon da nake kai ta, tana wasa da wata Sadhbh da wani Cillian, babu wanda ya taɓa ɗaga gira don an ce Delu. A cikin danginmu ne kawai sunan ya zama abin kunya.

Yaya ba ta sauka ba. Har yau in ta kira cewa take, "Ina Afnan ɗina?" Ni kuma in ce, "Delu tana barci, Yaya." Sai a yi shiru, sai a koma maganar tsadar masara. Ba na son in yi mata rashin kunya, ita ta sayar da sarƙarta ta cika mini kuɗin jarrabawar da ta kawo ni nan, kuma na san a ganinta gata take yi wa yarinyar. Tana son a ce 'yar ƙanwarta ta Turai tana da suna mai ƙyalli da za ta faɗa a gidan biki. Amma ita ma Delun nan ta goya ta. Ita ma ta ci ɗumamen tsohuwar nan, ta kwana a bayanta lokacin da ƙyanda ta kama ta. Yadda aka yi sunan ya koma na mai fura a bakinta, shi ne abin da na kasa haɗiyewa.

Maigida ya zare hannunsa, shi Hajiya yake ce mata, ya ce rigimar mata ce. Surukata, Allah ya saka mata, cewa ta yi duk wanda aka kira takwararta da shi ta yarda, in dai za a kawo mata ita ta gani.

Inna ce ba ta ce uffan ba ranar da ake dariyar, kuma shirunta ya dame ni fiye da surutun sauran. Sai bayan arba'in ta kira ni ita kaɗai, da asuba, lokacin da gida bai tashi ba. Ba ta iya faɗar sunan, na mahaifiyarta ne, don haka "Uwata" take cewa. Ta ce in kara mata wayar a kunnen Uwata, ta yi mata addu'a mai tsawo, sannan ta ce da ni, "Kin kyauta. Ki bar su." Ta ce ta yi wa Yaya magana, amma kin san yayarki.

Yanzu ƙafa ta matsa wa Inna, ba ta zuwa ko'ina, sallah ma a zaune take yi. Ɗakin kaka an ba wa wani ɗan haya, an fitar da gadonta na ƙarfe da tasoshinta, ban san wanda ya ɗauka ba, na tambaya an ce mini wai me zan yi da tarkace. Duk waya sai Inna ta tambayi yaushe za mu kawo mata Uwata. Kuɗin jirgin mutum biyar daga Dublin zuwa Abuja ba wasa ba ne, ga haya tana cinye rabin albashi, ga kuɗin makarantar 'ya'yan ƙanina da ke wuyana. Na nemi ƙarin aikin dare daga watan gobe, na kuma ce wa Inna in Allah ya yarda hutun makaranta mai zuwa muna hanya, ko da ni da yarinyar ne kaɗai.